Ƙofar Kudu

Takarda ta zo daga ma'aikata ranar Litinin,
jan hatimi, sa hannu biyu, sakin layi goma sha bakwai:
faɗin titi mita kaza, bene hawa tara,
tantunan kan tudu su sauko su shiga jeri.

Ni ce Nyamsuren, mai riƙe da ma'auni a ofishin tsara birni.
Ulaanbaatar na kwance a kan teburina
fara fat, ba hayaƙin gawayi, ba haushin kare.
Takarda ba ta jin ɗari.

Can a tudun Chingeltei uwata take,
cikin zagayayyen tantin ulu da ya girme ni,
da shingen katako, da murhu a tsakiya,
da amalanken ruwa da ya san kowane dutse na gangaren.
Na ja layi da fensir, layin ya bi ta kan murhunta.
Na rufe fayil, na tashi da wuri.

Gwamnati ce ta tura ni Sapporo wata shida
in ga yadda wasu ke zama da tasu dusar ƙanƙarar.
Na dawo da littattafai uku da kalmomi masu nauyi,
na ɗauka na haddace gari.

Sai ga Farfesa Kuramochi ta biyo sawuna
bisa yarjejeniyar jami'a da jami'a,
ita da ɗalibai takwas masu sababbin huluna.
Aka tanadar mata zaure, da majigi, da ruwan gora.
Ta ce a kai ta inda ake tari.

Mota ta gaza a rabin tudu, muka ƙarasa da ƙafa.
Uwata ta zuba shayin madara mai gishiri,
ta karɓi zanen da hannu biyu kamar kyauta,
ta juya shi, ta sake juyawa, ta ce:
"Ta ina rana ke fitowa a wannan wuri?"

Na nuna mata. Ta ɗora yatsa kan ƙofar benen farko.
"Wa ya koya miki buɗe ƙofa ga arewa?
Iskar da ke kashe tunkiya a tsaye, ita za ki yi wa maraba?
Tun kakar kakata ƙofarmu kudu take kallo.
Je ki tambayi ko jariri."

Ni na fassara, da bakina, kunnuwana na zafi.
Farfesa ba ta yi dariya ba. Ta ciro biro.
Kwana tara ɗalibanta na bin lungu suna ƙirga ƙofofi,
yatsunsu sun sandare, tawada ta daskare,
suka koma fensir, suka ci gaba da nazari.

Rahoto ya tafi ma'aikata ya kwanta.
Kwamiti ya zauna, ya tashi, ya sake zama.
Aka canza darakta. Kankara ta narke, ta dawo.
Na daina tambayar labari.

Rannan takarda ta zo, jan hatimin nan dai,
sakin layi na goma sha bakwai ya haifi ɗa:
"Ƙofofin shiga su fuskanci kudu, inda hali ya yi."
Kalmomi takwas. Shi ke nan ƙari.

Titin bai gusa ko taku ɗaya ba.
Murhun na nan ƙarƙashin layina.
A bangon rahoto akwai sunan Farfesa, akwai nawa,
na Dolgorjav kuwa yana shafin godiya, can ƙasa,
an ma bar harafi ɗaya a baya don sauri.

Da bazara za ta koma hawa na biyar.
Na kai mata makulli, na karanta mata dokar sau biyu.
Ba ta ce madalla ba, ba ta ce kaico ba.
Ta tura gawayi cikin wuta, ta dube ni:
"To karen fa? Shi a wane sakin layi yake
a cikin wannan tsari?"